Daga Gafaka Zuwa Gajimare: Tarihin Inda Muke Ajiye Iliminmu a Bakin Kwara



A 'yan shekarun nan, idan sakamakon jarrabawar CEP ko BEPC ko BAC ya fito, ba sai iyaye sun je harabar makaranta sun tsaya cikin rana suna sauraron kiran sunaye ba. Yaro zai ɗauki salula, ya shiga shafin eRésultats, ya rubuta lambarsa, nan take ya ga ko ya ci ko ya faɗi. Kaɗan ne a cikinmu suke tambayar inda sakamakon yake zaune kafin ya bayyana a fuskar waya. Ba ya cikin wayar, ba ya kuma cikin akwatin shugaban makaranta. Yana cikin wasu kwamfutoci masu nisa, waɗanda masana wannan fanni suke kira gajimare. Sunan baƙo ne, amma tambayar da ke bayansa tsohuwa ce a wurinmu: a ina al'umma take ajiye iliminta, kuma mabuɗin yana hannun wa? Magabatanmu sun amsa ta sau da yawa, kuma a cikin amsoshinsu akwai abin da zai yi mana jagora yau.

GARIN KAN HANYA

Kunnen Bahaushe in ya ji sunan Malanville yakan ɗauka garin malam ake nufi. Asalin sunan kuwa na wani gwamnan Faransa ne da ya mulki Dahome a farkon ƙarni na 20, Henri Malan. Kafin nan mutanen Dendi suna kiran wurin Tassi, wato yashi. Garin ya bunƙasa ne saboda mashiga, ya ƙara girma bayan an gina gadar da ta haɗa shi da Gaya a 1958, har kasuwarsa ta zama wadda ake ambata bayan Dantokpa ta Kwatano.

Amma hanyar ta girmi garin. Tun kafin Turawa su zo, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa ƙasar Kabi, su haye Kwara ta wajen Illo ko Gaya, su bi ta Kandi da Zugu har su isa Salaga. Kowane babban ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malaminsa, wanda yake duba ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya riƙe lissafin bashi. Inda ayari ya yada zango ya daɗe, nan ake samun masallaci, nan ake samun makarantar allo. Haka Hausa ta shigo wannan ƙasa, tare da kanwa da tufafi da jakuna, da kuma littattafai a cikin jakar fata. Mu da muke nan yau, tsiraru a tsakanin 'yan uwanmu Dendawa da Fulani da Zabarmawa da Bargawa, jikokin wannan hanya ne, ko na waɗanda suka biyo sawunta daga baya.

RUMBUNA UKU NA MAGABATA

Mutumin da rayuwarsa take kan hanya dole ya san yadda zai ɗauki dukiyarsa. Malamanmu na da sun raba ajiyar ilimi gida uku.

Na farko shi ne ƙirji. Almajiri yana farawa da babbaƙu da farfaru, ya hau surori, ya yi sauka, ya koma tilawa har izu sittin su zauna masa a ka. Wanda ya kai matsayin alaramma ko gwani yakan zauna ya rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya ba tare da ya duba wani kwafi ba. Wannan ajiya ɓarawo ba ya sace ta, ruwa ba ya jiƙa ta, mai gadin iyaka ba ya karɓar kuɗi a kanta. Raunin ta ɗaya ne: tana tafiya kabari tare da mai ita idan bai koyar ba.

Na biyu shi ne allo. A rubuta da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, a karanta, a haddace, a wanke, a sake rubuta wani. Allo wurin wucewa ne, aikinsa ya kai karatu daga bakin malam zuwa ƙirjin yaro.

Na uku shi ne takarda da gafaka. Takarda tana da tsada, domin yawancinta daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Wanda ya ɗaga tsohuwar takarda ya duba ta a hasken rana yakan ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Saboda tsadar nan, littafi ba ya yaɗuwa sai ta hanyar kwafa. Ɗalibi ya ari Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya a wurin malaminsa, ya zauna ya kwafe da hannunsa, ya karanta a gaban malam ana yi masa gyara, ya cika gefen shafi da fassarar Hausa cikin ajami. Risala, wadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya wallafa a ƙarni na 10, da haka ta iso bakin Kwara, hannu ya miƙa wa hannu har tsawon ƙarnoni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa, kuma ba injin ɗab'i ne ya watsa su ba, almajirai ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan karkara ba su da damar zama gaban malam, sai ta tsara karatu cikin waƙa, ta naɗa jajis waɗanda suke haddacewa su koma ƙauyukansu su koyar da 'Yan Taru. Karatu daga nesa ke nan, tun babu waya babu rediyo.

Abin lura a tsarin nan shi ne, babu wani rumbu guda da in ya ƙone komai ya ƙare. Littafi ɗaya yana da kwafi a Gwandu, da wani a Sayi, da wani a Zugu, yana kuma cikin kawunan mutane. Sannan kowane kwafi yana da asali: ana sanin wanda ya rubuta, da wanda ya karantar da shi, da wanda ya ba shi izini.

TAKARDAR DA TA YI NISA DA GIDA

Zuwan Turawa ya kawo sabuwar al'ada, ta tara takardu a wuri guda mai nisa. Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya tashi a Kabi, ya yi karatu a Sakkwato, ya bi hanyar fatake har ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Ya rubuta labarin ƙasashen Hausa da al'adunsu cikin ajami, ya ba wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich. Rubutun ya tsira, kuma masana suna amfana da shi har gobe, sai dai ya tsira ne a Turai, inda jikokin waɗanda aka ba da labarinsu ba su da halin zuwa su karanta. Ga amfanin ajiyar nesa, ga kuma farashinta, a cikin labari guda.

Mu nan bakin kogi mun ga ƙarfin irin wannan ajiya da idonmu. Jamhuriyar Benin da ta Nijar sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete, har suka kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotu ta yanke hukunci: a cikin tsibirai 25, ta ba Nijar 16 har da Lete, ta ba Benin 9, ta kuma fayyace inda iyaka ta bi a kan gadojin Gaya da Malanville. Daga cikin hujjojin da suka yi nauyi akwai wata wasiƙa da wani jami'in Faransa mai suna Sadoux, wanda yake riƙe da Gaya, ya rubuta ranar 3 ga Yulin 1914. Makiyaya da masunta da manoman da suka rayu a tsibiran suna da nasu labarin a baki, amma abin da alƙalai suka fi jingina da shi shi ne abin da aka rubuta aka adana a ɗakunan ajiyar takardun mulkin mallaka. Wasiƙar da ta kwana shekara 91 a cikin akwati ta tashi ta yi magana a kan makomar ƙasa. Duk wanda yake ganin ajiyar rubutu ƙaramin al'amari ce, ya tuna da Lete.

Lakwal ma da irin wannan tsari ta zo. Littafinta daga Faransa, harshenta Faransanci, rajistarta da takardun shaidarta suna kudu, a Porto-Novo da Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700 daga nan. An yi wa Dahome kirari da unguwar masana ta Afirka saboda yawan 'yan bokonta, amma yawancinsu 'yan kudu ne. Jirgin ƙasa ya tsaya a Faraku tun 1936 bai ƙaraso ba, jami'a ma ba ta zo arewa ba sai 2001 da aka buɗe ta Faraku. Iyayenmu da yawa sun yi ɗari-ɗari da lakwal, suka riƙe allo, sai aka wayi gari muna da ilimi iri biyu: wanda hukuma ta sani ta adana, da wanda yake cikin zaurukanmu babu wanda ya lissafa shi.

MURYA A CIKIN AKWATI

Rediyo ne ya fara karya wannan nisa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Bahaushen Malanville da bai taɓa shiga aji ba ya zama yana sanin abin da ake ciki a Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma sauraron tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Kaduna a cikin watan azumi. Sai dai rediyo kamar ruwan kogi yake, abin da ya wuce ya wuce.

Kaset ne ya kama muryar ya tsare ta. Wa'azi da tafsiri da waƙoƙin bege da na makaɗan Hausa suka cika rumfunan kasuwa, direbobin manyan motoci masu jiran haye gada suka zama masu yaɗa su daga Kwatano har Maraɗi. Bayan kaset sai faifan CD, bayansa sai ɗan katin memori wanda bai kai farce ba, amma yana ɗauke da tafsirin shekaru. Samari masu turi suka kafa tebura, a ba su kuɗi kaɗan su cika wa mutum waya da karatu. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam an kashe shi a Kano a Afrilun 2007, amma har yau ana jin darussansa a shaguna da motoci, domin dubban mutane sun kwafa sun raba. A nan fasaha sabuwa ce, amma dabarar ta magabata ce: yawan kwafi shi ne tsaro.

MENE NE GAJIMAREN NAN?

Tun a 1961 wani masani ɗan Amurka, John McCarthy, ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da ruwan famfo da wutar lantarki. Hasashen ya tabbata sosai daga 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfutocinsa ta intanet. Google Drive ya fito a 2012, Google Classroom na makarantu a 2014.

Babu wani abu da yake rataye a sama. Gajimare gine-gine ne manya, cike da dubban kwamfutoci jere a kan kantoci, ana sanyaya su dare da rana, suna shan wutar da za ta ishi gari. In ka ajiye hoto ko littafi a can, ana kwafe shi a na'urori da yawa, don in ɗaya ta lalace wata ta maye gurbinta. Kai kuma abin da ke hannunka suna ne da kalmar sirri. A taƙaice, rumbun haya ne a ƙasar wasu.

Hanyar zuwa rumbun ma abin sani ce. Saƙo yana tashi daga salula zuwa dogon ƙarfen kamfanin waya, ya shiga zaren gilashin da aka binne a ƙasa, ya gangara kudu har bakin teku a Kwatano, inda igiyoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka. Igiyar SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, tana ƙarewa a ƙasar Fotugal, ta ACE kuma a Faransa. Manyan kamfanonin gajimare ba su kafa cibiyoyinsu a nahiyarmu ba sai kwanan nan, a Afirka ta Kudu: Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Don haka darasin da malami ya tura daga Malanville zuwa ɗalibinsa a Gaya, garin da ake hangen fitilunsa da dare, yana iya kewaya dubban kilomita kafin ya haye kogi. Gwamnatin Benin ta gina tata cibiyar ajiyar bayanai a Abomey-Calavi, ta kuma kafa dokar harkokin zamani ta 2018 wadda ta tanadi kare bayanan mutane, domin ƙasa ma ta gane cewa ajiyar da ke gidan wani tana ƙarƙashin dokar mai gidan.

ABIN DA YA KAWO WA KARATUNMU

Alherin da aka samu a bayyane yake. Ta tsarin EducMaster, sunan ɗalibi da makinsa suna cikin rajistar da ba ta dogara da kabad ɗin makaranta guda ba. Mu da muka ga ambaliyar 2010 da ta 2013, muka ga ruwa ya shiga azuzuwa da gidaje a Malanville da Karimama, mun san darajar takardar da ruwa ba ya kai wa gare ta. Wanda ya ci BAC yana zaɓen fannin da zai karanta a jami'a daga cikin ɗakinsa, abin da a da sai an yi kuɗin mota da na masauki.

Annobar korona ta nuna wani gefen. An rufe makarantun Benin ranar 30 ga Maris 2020, aka fara buɗe su ranar 11 ga Mayu. A duniya kuwa, ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne suka zauna a gida. Inda akwai waya da wuta da kuɗin data, karatu ya ci gaba ta WhatsApp da Zoom. Inda babu, ya tsaya cik. Ɗan mai shago a cikin gari ya samu darasi, ɗan manomin albasa a bakin fadama bai samu ba. Gajimare bai ƙirƙiri wannan bambanci ba, amma ya fito da shi fili.

Sai kuma rufe iyaka. Najeriya ta rufe nata iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sa aka datse gadarmu, motoci suka yi layi na kilomitoci, jama'a suka koma kwalekwale. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren. Ga al'ummar da malamanta da ɗalibanta da surukanta suke warwatse a ƙasashe uku, wannan ba ƙaramin rauni ba ne. A wannan tsakani, abin da ya ci gaba da haye kogi ba tare da an tsayar da shi ba shi ne saƙon murya da hoton shafin littafi. Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Sayi, da ta Abdou Moumouni a Yamai, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da wayar suka riƙe zumunci da karatu. Matan aure da yawa kuma suna bin darasin tajwidi da fiƙihu a zaurukan WhatsApp daga cikin gidajensu. Da Nana Asma'u za ta gani, da ta gane aikin jajinta a cikin sabuwar riga.

RANAR DA HADARI YA WATSE

Hausawa sun ce kada ka ga hadari ka zubar da ruwan tulu. Tarihin gajimare, duk da ƙuruciyarsa, ya riga ya gaskata wannan magana.

A ƙarshen Yulin 2009 igiyar SAT-3 ta samu matsala, intanet ta ɗauke a Benin da Togo da Nijar, Najeriya ma ta rasa mafi yawan nata. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka yanke a teku daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga duhu, Benin tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wani lokaci kuma da gangan ake rufewa, kamar yadda aka katse intanet a ƙasar nan ranar zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilun 2019. A Satumbar 2018 an sa haraji a kan amfani da shafukan sada zumunta, sai da matasa suka yi ca kafin aka janye shi.

Rumbun kansa ma yana iya cin wuta. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar abin da suka ajiye. A 2019 kamfanin MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora a tsawon shekara 12 sun salwanta. A Oktoban 2023 ɓarayin intanet suka kutsa cikin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, suka durƙusar da ayyukansa na watanni. Google kuma ya sanar da cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Ga wani abu da mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba: WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Saƙo in ya isa, a cikin waya yake zama, kuma in wayar ta faɗa kogi ko aka sace ta a kasuwa ba tare da an kunna ajiyar kwafi ba, karatun shekaru ya tafi. Wanda ya rasu bai bar wa kowa kalmar sirrinsa ba, ya tafi da gafakarsa.

Akwai hasara ta biyu wadda ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ɓacewar asali. Littafin da aka kwafa da hannu yana ɗauke da sunan mai kwafa da malaminsa. Guntun bidiyon da yake yawo a waya kuwa, sau da yawa an yanke farkonsa da ƙarshensa, ba a san inda aka yi shi ba, ba a san tambayar da ake amsawa ba. Yaro yana iya tara littattafai dubu a waya bai karanta ko ɗaya a gaban wanda zai gyara masa ba. Na'ura tana ajiyewa, tana kuma isarwa, amma tarbiyya da gyaran harshe da sanin wanda ya cancanci a ɗauki ilimi a wurinsa suna nan a hannun malami.

DARASIN TUMBUKTU, DA ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kogin nan namu ya taɓa ɗaukar littattafai. Bayan sojojin Maroko sun karya daular Songhai a 1591, ragowar Askiyawa suka gangaro nan ƙasar Dendi, shi kuma malam Ahmad Baba aka tafi da shi Marrakesh, ɗakin karatunsa mai littattafai 1,600 ya watse. Bayan shekara fiye da 400, masu ɗauke da makamai suka mamaye Tumbuktu a 2012, kuma a Janairun 2013 suka ƙone rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar da ke ɗauke da sunan Ahmad Baba. Mafi yawan dukiyar ta tsira ne saboda Abdel Kader Haidara da iyalan garin sun zuba ta a akwatunan ƙarfe, sun fitar da ita a ɓoye ta mota da ta jirgin ruwa a kan Kwara zuwa Bamako. Daga baya aka ɗauki hotunan shafukan, har a Maris 2022 Google ya baje fiye da shafi 40,000 ga duk mai son gani. A lura da jerin: iyalai ne suka adana, mutane ne suka ceto, sannan gajimare ya zo ya ƙara kwafi ya kuma buɗe ƙofa.

Mu ba mu da taskar Tumbuktu, amma ba mu rasa namu ba. A zaurukan malamanmu akwai Alƙur'anai rubutun hannu, da wasiƙun fatauci, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, waɗanda gara da damina suke ci a hankali. A bakin tsofaffinmu akwai labarin yadda kowane gida ya zo, daga Kabi ko Gobir ko Arewa ko Katsina, da yadda aka yi zaman amana da Dendawa, da kalmomin da Hausarmu ta aro daga Dendi da Faransanci waɗanda ba za a ji su a Kano ba. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun 2013, tana da Wikipedia tata, amma wanda ya nemi labarin Hausawan Benin a can zai dawo da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kano da Sakkwato suna da jami'o'i da gidajen tarihi masu yi musu wannan aiki. Mu tsiraru ne, in ba mu yi da kanmu ba, jikokinmu za su buɗe waya su tarar da tarihin kowa ban da nasu.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Duk gidan da yake da tsohon rubutu, a nemi izinin masu shi, a ɗauki hoton kowane shafi cikin haske mai kyau, a rubuta sunan littafin da na mai shi da unguwa da ranar ɗauka, don kada asali ya ɓace. A zauna da dattawa maza da mata a naɗi muryarsu tun suna da rai. Abin da yake sirrin gida a bar shi a gida, ba komai ake bajewa a kasuwa ba. Kowane abu a yi masa kwafi uku: ɗaya a gajimare, ɗaya a katin memori ko wata na'ura a hannun amintacce, shi kuma na asali a naɗe shi a ɗaga shi daga ƙasa inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kalmar sirrin makaranta ko ta masallaci kada ta zauna a kan mutum ɗaya ko layin waya ɗaya. Takardun shaidar yaranmu ma, na haihuwa da na jarrabawa, a ɗauki hotonsu a adana, a kuma riƙe na takarda, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sannan kada mu saki rumbun farko. Yaron da ya haddace karatunsa, na allo ne ko na lakwal, yana da abin da yankewar igiya a teku ba ta taɓawa. Magabatanmu sun ratsa daji da kogi da iliminsu saboda ba su taɓa damƙa shi ga ma'aji guda ba. Mu karɓi sabon rumbun da hannu biyu, mu zuba namu a ciki da harshenmu, mu kuma riƙe mabuɗi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu. Wanda yake da tsohon rubutu a gidansu, ko dattijon da ya kamata a je a saurara, ya sanar da mu domin a fara daga nan.